Allo na nuna lafiya lau, gari babu rezo: Tarkon da ke biyo bayan canza na'ura a turakun sadarwa

Daga Yamai zuwa garin Gure tafiya ce ta sama da kilomita 1,000. Ko daga Damagaram, sai mota ta ci kusan kilomita 170 a kan babbar hanyar da ta nufi Difa, ta ratsa Mirya da Gidimuni da Gidigir, kafin a hango duwatsun garin. Da irin wannan nisa, babu kamfanin sadarwar da zai ajiye injiniya a gindin kowane turke yana gadi dare da rana.

Abin da ake yi shi ne a tara ma'aikata a ɗaki guda, a babban birni ko ma a wata ƙasa, gabansu manyan alluna. Kowane turke ɗan ɗigo ne a jikin allon. Kore na nufin lafiya lau. Ja na nufin a tashi mota.

Mutanen gundumar Gure, waɗanda ƙidayar 2012 ta nuna sun haura 300,000, akasarinsu ba su taɓa jin labarin wannan allo ba, amma harkokinsu na rataye da gaskiyarsa. Dillalin dabbobi a kasuwar Gidigir da ke jiran a turo masa kuɗi, mai dabino ko kanwa da ke son jin farashin Damagaram, tsohuwar da ɗanta ke aiko mata na cefane daga Libiya ko Legas, ma'aikacin asibitin ƙauye da ke neman motar ɗaukar mara lafiya: idan rezo ya ɗauke, wato sabis a bakin mutanen Najeriya, tsawon lokacin da za su yi suna jira ya danganta ne da ko ɗigon nan ya koma ja ko bai koma ba.

Ɗigon kuwa yakan yi ƙarya. Kuma ɗaya daga cikin lokutan da ya fi yin ta shi ne bayan an yi gyara, an cire tsohuwar na'ura an sa sabuwa, an rufe ƙofa, kowa ya kama gabansa da tunanin aiki ya kammala.

Yadda allon ke jin labari

Kwamfutar da ke ɗakin sa-ido ba ta ganin turke, tambaya take yi. Duk bayan minti ɗaya ko biyar takan aika wa kowace na'ura da ke cikin jerinta saƙo: Kina nan? Zafinki nawa? Bayanai nawa suka bi ta ƙofarki ta uku? Na'ura ta amsa da lambobi, kwamfuta ta gwada su da iyakar da aka gindaya mata, sannan ta zaɓi launi. Wasu na'urorin ba sa jiran tambaya, da zarar wani abu ya same su sai su aiko da ƙararrawa.

Yaren da aka fi yin wannan hira da shi sunansa SNMP, kuma tun 1988 yake aiki. Manyan kamfanonin waya suna da ƙarin tsare-tsare da masu ƙera kayan, irin su Huawei da Ericsson da Nokia da ZTE, ke sayar musu tare da na'urorin. Ƙananan masu sayar da intanet da jami'o'i da ƙungiyoyin agaji kuwa sun fi dogara da manhajojin kyauta: Nagios, wadda Ethan Galstad ya faro a 1999, Zabbix da ta fito daga ƙasar Latbiya a 2001, sai Cacti da LibreNMS.

Sunaye ne daban-daban, amma rauninsu ɗaya. Dukkansu suna aiki ne da bayanin da aka rubuta musu ranar da aka shigar da turken cikin jeri. Idan turken ya canza, ba dole ne bayanin ya bi shi ba.

Turakun Nijar kuwa ba su daina canzawa ba. Celtel ya koma Zain a 2008, Zain ya koma Airtel a 2010. A 2016 aka haɗe Sonitel da SahelCom aka samar da Niger Telecoms. A 2019 Orange ya sayar da reshensa na ƙasar, wanda ya zama Zamani. Canjin suna shi kaɗai ba ya taɓa ƙarfe, amma haɗe kamfanoni biyu na nufin haɗe jerin kaya biyu da mutane daban-daban suka rubuta. Ga ƙaura daga 2G zuwa 3G, sannan 4G da ya shigo a 2019, kowacce da sabbin eriya da sabbin akwatuna. Ga wayar fiba da ake ta shimfiɗawa, ciki har da ta aikin ratsa Sahara da Bankin Raya Afirka ya ba da kuɗinsa, mai tsawon sama da kilomita 1,000 a ɓangaren Nijar. Ga farantan sola da ke rage wa janareta aiki.

Ban da waɗannan manyan ayyuka, akwai canjin yau da kullum da yanayi ke tilastawa. A Afrilu da Mayu zafi a wannan yanki na haura digiri 40. Ƙurar hunturu na toshe fanka, tsawar damina na ƙona kati. Na'urar da ta ƙone ba gyara ta ake yi a wurin ba, zare ta ake yi a sa wata, wani lokaci ma ba samfurinta ba, duk wadda aka samu a sito.

Sannan ba lallai ne turken ya zama na mutum ɗaya ba. A ƙasashen Afirka da dama kamfanonin waya sun sayar da turakunsu sun koma haya. A Nijar kamfanin Eaton Towers ya mallaki irin waɗannan turaku, kafin American Tower ya saye shi a ƙarshen 2019. A irin wannan tsari, mai kula da ƙarfe da batir da janareta daban, mai kula da eriya daban, ɗan kwangilar da ke zuwa gyara kuma daban. Wanda ya canza na'urar da hannunsa sau da yawa ba shi ne mai ikon taɓa jerin da ke ɗakin sa-ido ba.

Ƙofa ta uku

A ɗauki misali, ba na wani kamfani takamaimai ba. Akwai na'urar rarraba layuka a wani turke a Gure, mai ƙofofi da dama. Ɗaya ta nufi Damagaram, ɗaya Gudumariya, ɗaya kuma wani ƙaramin turke ta wajen Kelle. A jikin allo an rubuta "layin Kelle". Amma kwamfuta ba ta san Kelle ba, lamba ta sani: ƙofa ta uku.

Lambar nan na'urar ce ke bai wa kowace ƙofa da kanta. Ƙa'idar da ke kula da wannan, wadda aka fitar a watan Yunin 2000, ba ta tilasta lambar ta dawwama har abada ba, ta dai ce kada ta canza tsakanin tashin tsarin da sake tashinsa. Shi ya sa a wasu na'urorin, idan aka ƙara kati ko aka sake kunnawa, lambobin kan zame. Kamfanin Cisco har umarni na musamman ya tanada domin hana hakan, amma sai wanda ya san da shi zai sa.

To injiniya ya zo, ya cire tsohuwar na'ura, ya sa sabuwa mai ƙofofi da yawa. Ya mayar da wayoyi, komai ya kama, ya gwada kira ya shiga. Layin Kelle yanzu ya koma lamba bakwai. Lamba uku kuma ta faɗa kan wata 'yar gajeriyar waya da ke haɗa akwati biyu a cikin ɗaki ɗaya, wadda ba ta taɓa yankewa.

Daga ranar, abin da allo ke kira "layin Kelle" ba zai sake yin ja ba. Ko iska ta karkatar da kwanon eriya, ko ƙauyuka goma sun kwana uku babu kira, kwamfuta za ta ci gaba da tambayar ƙofa ta uku, ƙofa ta uku kuma za ta ci gaba da cewa lafiya lau. Ba ƙarya ta yi ba. An bar jaki ne ana dukan taiki.

Akwai wani tarkon da ya shafi ƙirge. Kowace ƙofa tana da mita, kamar ta lantarki, da ke ƙirga bayanan da suka wuce. Tsohuwar mitar tana cika ne a 4,294,967,295, daga nan ta koma sifili. A layi mai gudun megabit 10 a sakan, sai ta yi kusan minti 57 kafin ta cika. A megabit 100, ƙasa da minti shida. A layi mai gudun gigabit ɗaya kuwa, sakan 34 kacal. Idan aka ɗaga layin Gure daga ƙaramin gudu zuwa na fiba, aka bar kwamfuta tana leƙa tsohuwar mitar duk bayan minti biyar, mitar za ta iya zagayowa sau da dama kafin a leƙa ta. Lissafin da zai fito shirme ne. Layin da ya cika maƙil zai iya bayyana kamar babu kowa a kansa, kuma da wannan lissafi ne wani a ofis zai yanke hukuncin ko garin na buƙatar ƙarin layi. Akwai babbar mita da ba ta da wannan matsala, amma sai an gaya wa kwamfutar ta koma kanta.

Idan kuma sabuwar na'urar ta wani kamfani ce daban, abin ya fi haka. Kowane mai ƙera kaya yana da lambar gidansa a tsarin SNMP: Cisco na da 9, Ericsson 193, Huawei 2011, MikroTik 14988. Tambayar zafin jiki ko ƙarfin wuta da aka tsara da lambar gida ɗaya ba ta da ma'ana a wani gidan. Sabuwar na'ura za ta ce ba ta san wannan tambaya ba. A manhajoji da yawa, rashin amsa ba ja ba ne. Wani launi ne na daban da ido ke wucewa, ko kuma a bar lamba ta ƙarshe da aka samu tana zaune a allo kamar ta yau ce. Ko ma'aunin ma kan bambanta. Wata na'ura idan ta ce 45 tana nufin digiri 45, wata sai ta ce 450.

Sabon batir, tsohuwar ƙararrawa

A wuri irin Gure, wuta ce ran turke. Kayan sadarwa na aiki ne da bolt 48, kuma batura ke riƙe su idan lantarki ya ɗauke, janareta bai tashi ba, ko rana ta faɗi.

Tsofaffin batura na dalma ba sa shiri da zafi. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 na rage wa irin wannan batir rabin ransa. Wannan na cikin dalilan da suka sa ake komawa na litiyam. Canji ne mai kyau, sai dai halin baturan biyu ba ɗaya ba ne. Na dalma a hankali yake sauka yayin da yake ƙarewa, kamar tulu mai yoyo, saboda haka ƙararrawar da aka ɗaure a wani mataki na ƙarfin wuta kan ba da sa'o'i na shiri. Na litiyam kuwa yakan tsaya kusan wuri ɗaya har sai ya kusa ƙarewa, sannan ya faɗi gaba ɗaya. Idan aka bar tsohuwar iyakar, ƙararrawa za ta buga ne a lokacin da saura kaɗan turke ya mutu. Ga mai tasowa daga Damagaram, hakan da babu ƙararrawar duk ɗaya ne.

Batirin litiyam yana zuwa da ƙwaƙwalwarsa da ke iya faɗin kashi nawa ya rage. Amma sai an haɗa wayarsa, an kuma koya wa ɗakin sa-ido yadda zai karanta.

Akwai ma abin da ya fi wannan sauƙi, kuma ya fi shi ɓoyuwa. Ƙararrawar buɗe ƙofa, ta ƙarewar mai, ta zafin ɗaki da ta gobara, duk da siraran wayoyi ake haɗa su da akwatin sadarwa. Ana iya tsara su ta hanya biyu. A ta farko, wuta na bin wayar kullum, idan ta yanke sai ƙararrawa ta buga. A ta biyu, wayar shiru take sai matsala ta zo. Idan aka canza akwati aka manta ba a mayar da wayar ba, tsarin farko zai tona asiri nan take. Na biyu kuwa zai yi shiru har abada, ɗakin sa-ido kuma zai ɗauki shirun a matsayin lafiya. Ɓarawon batir zai buɗe ƙofa ya yi lodi ba tare da ko ɗigo ɗaya ya motsa ba.

Kwana biyar a Washington

Wani zai ce wannan matsalar ƙasashe matalauta ce. Abin da ya faru a babban birnin Amurka ya ƙaryata hakan.

Ranar 22 ga Yunin 2009, da misalin ƙarfe biyar na yamma, wani jirgin ƙasa na cikin birnin Washington ya afka wa wani da ke tsaye kusa da tashar Fort Totten. Mutum tara suka mutu, ciki har da matar da ke tuƙa jirgin. Jiragen na tafiya ne da tsarin da ke gane inda kowane jirgi yake ta hanyar wutar da ke bin dogo. Kwana biyar kafin haɗarin, ranar 17 ga Yuni, ma'aikata sun canza wata na'ura a wannan yanki na dogon, kuma sabuwar ba ta kamfanin da ya ƙera sauran kayan ba ce. Tun daga ranar, yankin ya riƙa kasa ganin jirgin da ke kansa jefi-jefi. A ranar haɗarin, tsarin ya ɗauka wurin fili ne, ya bai wa jirgin baya izinin gudu.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta fitar da rahotonta a 2010. Ta gano lahani a kayan lantarkin da ke karanta siginar. Ta kuma gano cewa akwai wani gwaji mai tsauri da aka ɓullo da shi bayan wasu jirage sun kusa karo a 2005, wanda da an yi shi bayan canjin da ya nuna matsalar, amma ba a mayar da shi dokar aiki a ko'ina ba. Abu na uku shi ne wanda duk mai zama gaban allo zai gane: ƙararrawa dubbai ke shigowa ɗakin kula da jiragen duk mako, har ta kai ba a ɗaukarsu da muhimmanci.

Wannan na uku yana da dangantaka ta kai-tsaye da canjin kaya. Idan aka cire na'ura ba a goge ta daga jeri ba, za ta zauna ja har abada. Guda ɗaya ba komai. Idan suka kai ɗari, ma'aikacin dare ya riga ya koyi cewa ja ba ya nufin komai, kuma ranar da na gaskiya ya zo zai shige cikinsu. Haka nan idan za a yi gyara akan rufe bakin ƙararrawar turken na ɗan lokaci, kada ta dami mutane. Idan ba a sa wa rufewar wa'adi ba, sai a wayi gari wata uku turke na nan babu mai jin kukansa.

A sama ma an ga irin haka. Jirgin Lion Air da ya faɗi a teku bayan tashi daga Jakarta ranar 29 ga Oktoban 2018, da mutum 189, an canza masa wata na'urar auna karkatar hanci kwana ɗaya kafin nan, kuma sabuwar ta kauce da kusan digiri 21. Dalilan haɗarin suna da yawa, ciki har da yadda aka tsara jirgin kansa, amma masu bincike na Indonesiya sun ce ba su iya tabbatar da cewa an yi gwajin bayan ɗaurawa yadda ya kamata ba.

Darasin masu auna yanayi

A Gure akwai wata sana'ar da ta riga kamfanonin waya sanin wannan ciwo. Garin na da tashar auna yanayi mai daɗaɗɗen tarihi, kuma da alƙalumanta ne masu bincike na Jami'ar Liège ta Beljiyam suka yi nazarin ruwan sama da iska da kwararar hamada a yankin, wanda aka wallafa a 2005. Darajar irin waɗannan alƙaluma ita ce a iya gwada na bana da na shekaru hamsin baya. Ranar da aka canza ma'auni, wannan daraja na cikin haɗari, domin ba a san ko yanayi ne ya canza ko kayan awo ba.

Shahararren misali na maƙwabta ne. Ranar 13 ga Satumban 1922 aka rubuta digiri 58 a garin Aziziya na Libiya, kuma shekara 90 duniya na ɗaukarsa zafi mafi tsanani da aka taɓa aunawa. A 2012 Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta soke shi. Kwamitinta ya ce akwai matsala a irin ma'aunin da aka yi amfani da shi, kuma da alama sabon ma'aikaci ne da bai ƙware ba ya karanta, har lambar ta haura ta gaskiya da kusan digiri bakwai.

Maganin da masu wannan sana'a suka tsaya a kai shi ne kada a cire tsoho ranar da aka kawo sabo. A bar su tare, kafaɗa da kafaɗa, aƙalla shekara guda, a ga inda suka saɓa, a rubuta ranar canjin a littafin tasha. Kamfanin waya ba zai iya jiran shekara ba, amma zai iya ajiye alƙaluman makon da ya gabaci canji ya gwada da na makon da ya biyo baya. Idan turken da ya saba cika ranar kasuwa ya wayi gari babu kira ko ɗaya alhali allo na nuna kore, wannan kaɗai ƙararrawa ce. A harkar ma akwai suna ga irin wannan turke da ke kunne amma ba ya ɗaukar kowa: ana ce masa mai barci.

Abin da ƙwararru ke yi

Babu wani sirri a ciki, kuma mafi yawansa ba ya cin kuɗi. Ana ɗaure sa-ido ne da sunan ƙofa, ba lambarta ba, a kuma rubuta wa kowace ƙofa inda ta nufa a cikin na'urar kanta. Ana sa kwamfuta ta riƙa tambayar lambar shaidar kowane kati, ta yadda idan wani ya canza shi da tsakar dare, ɗakin sa-ido zai sani ko ba a kira shi ba. Ana mayar da rashin amsa ya zama ja, ba launin da za a wuce ba.

Manhajojin zamani na iya sake lalubo ƙofofin na'ura da kansu lokaci-lokaci, kuma hakan na rage aiki sosai. Sai dai shi ma da nasa tarkon. Idan aka yi laluben a lokacin da wani layi ke yanke, wasu manhajojin kan ɗauka haka aka gina shi, su bar shi a waje. Abin da ya lalace ya zama daidai ke nan.

Shi ya sa gwajin da ya fi kowanne ƙarfi har yanzu na hannu ne. Kafin injiniya ya bar turke, ya kira ɗakin sa-ido, ya zare wayar Kelle da gangan, ya tsaya har sai na can ya ce ya ga Kelle ta yi ja, ba wani wuri ba. Ya buɗe ƙofa, ya kashe lantarki, ya jira a tabbatar masa da kowanne. Aikin minti ashirin ne ko talatin. Abin da ke hana shi ba jahilci ba ne. Rana ce ke faɗuwa, ga sauran turaku a gaba, ga hanyar rairayi, kuma idan takardar biyan ɗan kwangila ta tsaya a kan "na'ura ta kama", to a nan aikinsa zai tsaya. Kamfanin da ke son allonsa ya faɗi gaskiya sai ya sa wannan gwaji cikin sharaɗin biya.

Wa zai ba da shaida?

A watan Yulin 2023 hukumar ARCEP, mai kula da harkar sadarwa a Nijar, ta ci tarar kamfanonin waya huɗu na ƙasar sama da sefa biliyan 4 kan rashin ingancin aiki. Hukumomi irin wannan na auna inganci ne ta hanya biyu: su zagaya da mota da wayoyin gwaji, ko su duba alƙaluman da ke fitowa daga na'urorin kamfanonin. Zagayen mota na ɗan lokaci ne, kuma ba kowane ƙauye zai kai ba. Sauran kwanakin shekara, alƙaluman na'ura ne shaida. Idan mitar da ake karantawa ba ta layin ba ce, rahoton da aka gina a kanta zai ce yankin na lafiya, ko da babu wanda ya yi niyyar ɓoye komai.

Ƙararrawa ta ƙarshe ita ce ƙorafin mai waya. Amma wanda ba shi da rezo ba zai iya kira ya ce ba shi da rezo ba. Sau da yawa ɗan ci-rani da ke Sabha ko Tamanrasat ko Kano ne ke fara ganewa, idan ya kira lambobi uku na gida kwana biyu a jere babu wadda ta shiga. Idan irin wannan ya sanar da kamfani, sunan ƙauye da lokacin da abin ya fara sun fi amfani ga injiniya a kan cewa rezo ba kyau, domin da su zai duba ko an taɓa wani abu a turken a ranar.

Batun ya sauko har kan matasa masu ƙaramin jari. Tun da Starlink ya fara aiki a Nijar a watan Maris na 2025, ofisoshi da masu sayar da tikitin Wi-Fi suna ta sauya tsofaffin hanyoyinsu. Tsohon tauraron ɗan-adam yana nisan kusan kilomita 36,000 ne, saƙo kan ɗauki kimanin milisakan 600 ya je ya dawo. Na Starlink suna kusan kilomita 550, jinkirinsu bai kai kusa da haka ba. Wanda ya bar ƙararrawarsa a kan milisakan 800, layinsa zai iya lalacewa ninki biyar ba ta motsa ba. Sannan a tsarin Starlink na gama-gari mutane da yawa ne ke raba adireshi ɗaya na intanet, saboda haka mai ofis a Damagaram da ya saba ƙwanƙwasa reshensa na Gure daga waje ba zai ƙara samun amsa ta wannan hanya ba. Dole a juya tsarin: na'urar reshe ce za ta riƙa aiko da gaisuwa duk bayan minti ɗaya, idan gaisuwar ta yanke wayar mai ofis ta yi ƙara.